Ƙirgen Auduga

Aikina a ɗakin tiyata ƙirge ne:
abin da na miƙa, shi za a maido mini.
Shekara tara a asibitin Sinnar, ko ɗaya bai taɓa ɓace mini ba.

Ran Talata aka kawo Baba Ilyasu daga Maiwurno,
manomin riɗi, gyambo ya huda masa tumbi.
Kafin allurar barci ta ɗauke shi
ya ce da rufin ɗaki, da Hausa,
"Ban ba jakin ruwa ba."
Na ce, "Za a ba shi, Baba."
Ya juya ido yana neman mai maganar
cikin fuskoki biyar da ke rufe.

Aiki na tafiya sumul.
Dakta Mudassir har yana kukan tsadar sukari,
sai ya ja tumbin gefe,
ɗan ja, kamar mai ɗaga labule.
Ashe saifa na manne a baya,
zazzaɓin damina sittin ya kumbura ta,
ta yi luguf kamar gwandar da ta wuce nuna.
Ta tsage.

Jinin saifa ba ya tsartuwa.
Tasowa yake, baƙi-baƙi,
yadda Nilu ke shiga gonakin gaɓa da dare,
sai dai a wayi gari ba a ganin kunya.

Zancen sukari ya mutu a baki.
"Auduga." Na miƙa.
"Ƙaro."
Sha tara. Talatin da biyu.
Leda biyu ta jini ta ƙare,
ɗansa Sanusi na can waje ya naɗe hannun jallabiya.
Likita ya zura hannu har wuyansa,
ya damƙe jijiyar da yatsa biyu,
ya tsaya cak, takunkuminsa na motsi
ban san ko ƙirge yake ko salati ba.

Da aka ɗaure, aka yanke,
na karɓe ta a kwano. Nauyinta ya ba ni mamaki.

Arba'in da shida na miƙa.
Arba'in da biyar a gabana.
Na ce kada a ɗinke.
Likita ya harare ni, ya koma ya laluba,
ya zaro ta can ƙarƙashin haƙarƙari, jiƙe sharkaf.

Ran Juma'a na leƙa ɗakinsu.
Bai tambayi abin da aka cire masa ba.
Ya saurari gaisuwata, ya ce, "Ke ce.
To, an ba shi?"