Bindigar Kaka Nomau

Ranar da muka yaye rufin ɗakin Kaka a Gangare
ta faɗo, naɗe cikin buhun gishiri,
baki biyu, duka a toshe:
zanzaro ya yi gini a ɗaya,
ɗayan kuma tsatsa ta gaje shi.

Inna ta ce Baturen kuza ne ya ba shi, ladan gadi.
Kawu ya ce ina, a caca aka ciyo ta.
Mai gaskiyar ya shekara talatin a ƙasa,
ba ya amsa tambaya.

Ban ratsa gari da ita ba.
A Jos ta yau ko taɓarya ka naɗe sai ka yi bayani.
Dilimi na je, na ɗauko Baba Chuwang a keke,
maƙerin da idonsa ɗaya ya riga shi ajiye aiki.

Ni sama-sama ya gaishe ni; ita ya gaisar sosai.
Ya buɗe ta bisa gwiwa, ya shinshina,
ya ɗiga kananzir, ya murza da bakin riga
har wani ɗan kambi ya leƙo a ƙarƙashin bututu,
ƙanƙane kamar ƙwayar acca.

"Ƙarfen nan ya haye teku," in ji shi.
"Sa'an kwabo mai huji ne, ko yayansa.
Sunan mai shi kuwa, wani ya bi da magagari,
haruffa biyu suka tsira, su ma ba sa ga maciji.
Ƙotar ba tasu ba ce. Maɗaci ne,
gizagon mutanenmu ya sassaƙe ta."

Sai yatsansa ya kai kan kunama, ya yi shiru.
Tsaga uku, kamar sawun makwarwa.
"Wannan hannun babana ne.
Ni na ja masa zuga-zugi ran nan,
kakanka na gefe yana ɓare gasasshen dankali,
yana a yi sauri, rema ba ta jiran kowa."

Na ce, to Baba, wa ya ƙera ta? Shekarunta nawa?
Ya yi dariya da haƙoransa huɗu:
"Wacce daga ciki?"

Na mayar da biro aljihu.
Gidan zanzaro ma ban fasa ba.
Baba ya ƙi kuɗi, shayi ya nema,
ya sha a inda Kaka ke zama da yamma,
bindigar na kwance tsakaninmu
kamar tsohuwar da ta gaji da faɗa.