Shafi na Ɗari da Tara

Mehwish ta bar littafin kan teburin shayi,
ta lanƙwasa kunnen shafi na ɗari da tara,
ta bi motar Lahor da sassafe.
'Yar da ko allura ba ta mantawa
ta ce wai mantuwa ta yi. Ban yarda ba.

Kwana uku ina kewaye shi kamar rijiya marar murfi.
Daren na huɗu aka ɗauke wuta a Rawalpindi,
fanka ta tsaya, zufa ta kori barci,
na ɗau tabarau da tocila na hau rufin gida.
Har ladan ya kira assalatu ban rufe shi ba.

Labarin wata likita ce mai shekara talatin,
ta ga malamin makaranta, ta ce shi take so.
Ba dangi ba ne, harshensu ma ba ɗaya ba,
gidan haya yake, babur ɗinsa sai an tura.
Gwaggwanni suka jeru a doguwar kujera,
kowacce da hoton ɗan wani a jaka:
wannan injiniya ne a Dubai,
wancan ubansa na da gonaki a Gujrat.
Har nan mai littafi ba ta yi ƙarya ba.

Na san su. Ɗaya ma ƙanwata ce, Nighat,
har yadda take kaɗa cokali a kofi
tana cewa, "To mutane fa, me za su ce?"
Na yi dariya ni kaɗai har tari ya sarƙe ni,
tattabarun maƙwabci suka farka a keji.

Amma uban! Nan muka raba gari da marubuciya.
Ta sassaƙa shi da dutse:
gashin baki, jarida, da "a'a."
Ina shekarun da ya yi yana buga hatimi
a ofishin jirgin ƙasa, ƙugu na ciwo?
Ina ranar da ya kai awarwaron matarsa kasuwa
don kuɗin jarrabawa, ya dawo yana murmushin dole?
Wanda ya ɗauko tulu tun daga rafi
shi ne ƙafarsa ke rawa a bakin ƙofa.
Tsoro ne, yarinya, tsoro ne kawai.
Kin kira shi girman kai, ba ki gane ba.

Sai ga shafin da aka lanƙwasa.
'Yar ta aje wa uban shayi, ta tsaya:
"Abbu, ka taɓa son abin da ba a zaɓa maka ba?"
Ya juya jarida. Bai ce komai ba.

Na kashe tocila.
Gulshan, 'yar mai gyaran agogo a bakin kasuwa,
mayafi ruwan ɗorawa, wushirya, hannu duk man inji.
Agogona lafiyarsa lau, sau biyar na kai shi gyara.
Mahaifiyata na cuɗa fulawa ta ce, "Ba irinmu ba ce,"
ko ɗago kai ba ta yi ba. Na ce, "To."
Na auri Ruksana, Allah ya jiƙanta,
muka zauna lafiya, ko maƙwabci bai ji kanmu ba.
Ban yi nadama ba.
Ko kuwa dai ban taɓa zama na tambayi kaina ba.

Ƙarshen littafin bai yi mini ba.
Cikin shafi uku kowa ya sauko,
ganguna, lalle, uba na kuka a kafaɗar ango.
Icen da ya yi shekara sittin yana bushewa
ruwan dare ɗaya ba ya tanƙwara shi.

Duk da haka, da rana ta hau bango,
na nemo waya, na goge tabarau.
"Na karanta littafinki. Uban bai samu adalci ba."
Shiru. Ina jin numfashinta da ƙarar titi.
"Yaya sunansa?"
"Tanwir."
"Yana cin yaji?"
Ta yi wani sauti, tsakanin kuka da dariya.
"Ku zo ran Juma'a, zan sa a dafa biriyani.
Ya bar babur ɗin, layinmu hawa ne.
Ban fa ce na yarda ba."

Na mayar da littafin inda ta bar shi,
na miƙe kunnen shafin da babban yatsa,
amma sawun lanƙwasar bai ɓace ba.
Nighat kuwa, har yanzu ban gaya mata ba.