Giɓin Marka

Mun sauka Yamai da akwati bakwai,
biyu na magani ne.
Na tafasa ruwa, na sake tafasawa,
na ɗaura gidan sauro tun kafin la'asar,
ina ƙirga cizo a ƙafarta
kamar mai ƙirga bashi.

Tuva muka raɗa mata.
Matan Yantala suka ce sunan ba ya zama a baki,
tunda tsakiyar damina ta iso, Marka ce.
Yanzu in na ce Tuva
sai na kira sau uku.

Kakarta ta aiko da safar ulu
daga ƙasar da rana ke rowa.
Ƙafa ɗaya ta cika da goruba,
ɗayar ta zama hular ɗan akuyar Inna Gambi.

Daren da wuta ta ɗauke
muka baje tabarma a tsakar gida,
zafi ya zauna mana a ƙirji.
Na ce, a garinmu yanzu ƙanƙara ke sauka.
Ta ce, "Garinku?"
Ta juya, ta yi barci.

Jiya haƙorinta ya fita.
Ta rufe baki da hannu biyu
kada ƙadangare ya ga giɓin,
wai in ya gani, sabo ba zai tsiro ba.
Ba ni na koya mata ba.

Aikin ubanta saura wata huɗu.
Ban faɗa mata ba tukuna.
Ga ta can a gindin bedi,
tana tauna soyayyar fara da gefen baki,
tana ja da mai ƙosai da Zabarmanci
a kan canjin dala biyar.

Haƙorin na tafin hannuna tun safe.
Akwati zan sa shi,
ko ƙasar da ta yi masa ƙwari?