Ɓera Mai Lamba Sha Bakwai

Hawa na shida, Chengdu, biyar na asuba.
Yayyafi bai ɗauke ba tun shekaranjiya.
Ni ce mai kunna fitila,
ɓeraye arba'in su ɗago kai,
farare sol, idanu jajir,
ba wanda ya taɓa satar ko ƙwayar shinkafa.

Farfesa Qiao ya rubuta a allo:
raunin saifa muke so.
Ba a sayar da shi a kasuwa, sai dai a ƙera.
To muna ƙerawa.
Ruwan saiwar dahuang, mai ɗaci, mai sanyin hali,
ɗure safe da yamma.
Yau ci, gobe yunwa.
Iyo a baho har hanci ya nutse,
sannan in tsamo, in goge da tawul
kamar wadda ba ita ta jefa ba.

A ɗakin kusa, Yanmei na matse wutsiya da ƙarfe
don fushi ya taru a hanta ya rasa ƙofa.
Tana aiki tana cin goriba ta ƙasarsu, wato gyaɗa mai yaji,
ta ce fushin ɓera da na miji duk tafiyarsu ɗaya.

Kakana a Leshan yatsu uku yake ɗorawa a wuyan hannu,
ya lumshe ido,
sai shayi ya huce kafin ya yi magana:
Yaya barci? Me kike mafarki?
Wa ya ɓata miki rai kika haɗiye?
Ni kuwa wa zan tambaya?
Wuyan hannun sha bakwai bai kai tsinken ashana ba.
Sai in buɗe masa baki, in ɗauki hoton harshe,
kwamfuta ta mai da launin lamba.

Kwana sha huɗu.
Gashi ya tashi, baya ya ranƙwafa,
kashi ya tsinke, nauyi ya zube giram talatin da ɗaya.
Farfesa ya duba takarda, bai duba keji ba,
ya ce madalla, ciwon ya fito da kyau.

Gobe za a fara magani,
saiwoyi huɗu da aka dafa a tukunyar ƙasa.
Ashirin za su sha.
Ƙuri'a ta ajiye sha bakwai cikin ragowar,
masu ruwan gishiri zalla,
don a san da wa za a gwada waɗanda suka warke.

Ban ce aikin banza ba ne.
Uwata ma wannan dahuwar ta tashe ta daga kwance,
kuma ina so in san dalili.

Amma ɗazu, a ƙofar lifta mai ƙyalli,
na zaro harshena ba da niyya ba.
Fari fat, gefensa duk sawun haƙori.
Na tuna tun jiya ban sa komai a ciki ba.
Na koma na ƙara masa ɓuntu a keji,
ban rubuta ba.