Fam Arba'in a Landan

Motar dare na shigo daga Lis,
ta masu ƙaramin ƙarfi, kujerar kusa da bayi,
gwiwata manne da bayan wani har asuba.
Fam arba'in ne a aljihu. Sau uku na ƙirga,
ko za su haihu a hanya. Ba su haihu ba.

A jaka akwai burodin jiya mai ragin farashi,
da gorar ruwan famfo,
da dambun naman da Goggo Tasalla ta ƙulle mini a leda,
wata biyar ina lallaɓa shi kamar mai jinya.

Landan ta riga ni tashi.
Kowa na sauri kamar ya bar tukunya a wuta.
Na ce wa wata dattijuwa sannu,
ta waiga ta ga da wa nake.

Ga babban agogon nan
na jikin kalandar shagon Ɗanlami tela.
Ya buga tara. Bugun kyauta ne,
sai na tsaya na kwashe shi duka, ban bar ko ɗaya ba.

Lilon da ke juyawa a bakin kogi
na tambayi kuɗin hawansa, aka faɗa.
Kaina ya mayar da shi naira,
sai na ga buhun masara yana shawagi a sama.
Na yi godiya na ja baya.
Jirin ma na samu ban hau ba.

A kan gada wani na soya gyaɗa da sukari,
ɗan kofi fam uku.
Ni da na tashi a Funtuwa ina korar kaji daga shanyarta!
Na shaƙi ƙamshin na wuce abina.

Ruwa ya sauko, irin nasu,
marar tsawa, marar sallama.
Na faɗa gidan tarihi, don ba a biyan ko sisi,
kuma ɗumi na je nema, ba zan yi ƙarya ba.
Na bi ɗaki ɗaki ina ɗigar ruwa,
har can ƙasa, a bayan gilashi,
na yi kiciɓis da ƙwarya mai zanen wuta,
irin wadda kakata ke dama fura a ciki
tana faɗan an ɓatar mata da ludayi.
An kunna mata fitila ita kaɗai,
an rubuta mata shekara.
Na ce, ke kuma wa ya biya miki jirgi?
Wa ya tsaya miki a layin biza?
Ba ta tanka ba.
Baki buɗe, ciki wayam.
Muka daɗe muna kallon juna, mu biyu.

Da azahar na zauna a benci na kwance ledar Goggo.
Tantabarun garin nan ba su san kara ba,
ɗaya har kan takalmina.
Na ba ta ɓawon burodi. Dambu kuwa, a kai kasuwa.

Sai jar bas mai bene.
Na haye sama, na kama kujerar gaba,
gari ya yi ta zuwa yana gaishe ni ta gilashi:
majami'u, shaguna, gumakan mutane bisa duwatsu,
rassan bishiya na shafar rufi.
Ban san inda za ta ba, ban tambaya ba.
A duk kuɗin da na kashe ranar nan
shi ne bai yi mini ciwo ba.

Da magariba na sayi ɗan maganaɗisu mai hoton gada
don firijin Inna,
wanda rashin wuta ya mayar kabad ɗin kwanuka.
Za ta manna shi, na sani,
ta nuna wa duk wadda ta shigo aron turmi.

Saura fam shida da 'yan kwabbai.
Motar dare ta tayar, ƙafafuna na zogi.
Na jingina kai da taga,
fitilu na bin mu, suna gajiya ɗaya ɗaya,
ni kuma ina lissafin shinkafar sati.