Lamba Sha Bakwai

Ranar da suka zo da igiyar awo
ina bakin lamba sha bakwai,
rediyon wani makiyayi a cinyata, ciki a buɗe,
dalma na narkewa a bakin ƙarfe.

Shekara talatin da ɗaya ke nan
da aka yanka zare a filazar Babura.
Shago arba'in, fenti ruwan ƙwai,
har daga Magarya ake zuwa kallon gilashi.
Barau mai hoto na lamba uku
da labulensa mai zanen jirgin sama.
Cindo tela, in salla ta matso,
kekensa ne ke tashin ladan.

Sai sabon titi ya bi ta bayan tasha,
ciniki ya tattara ya bi shi ko sallama babu.
Waya ta cinye hoto, ta cinye kaset,
ta dawo tana lasar rediyo.
Kwano ya yi tsatsa, damina ta sami ƙofa,
jemagu suka kama lamba ashirin ba su biyan haya.
Mu huɗu muka rage a layin,
kamar haƙora a bakin tsohuwa.

Mai zanen ginin jikar Cindo ce, Rumasa'u,
wadda na sha ba wa mataccen batir ta yi wasa.
Ta ture sukurori, ta shimfiɗa takarda:
"Baba, ba duka za a rushe ba.
Ƙasa shaguna, sama ɗakuna,
can baya gida goma sha biyu,
burtsatse a inda ake zubar da shara,
ga kemis, ga ajin yara, ga darbejiya."
Na ce, "Tawa fa?"
Yatsanta ya yi yawo, ya tsaya.
Ta ce, "Kicin ne."

Ban yi kuka ba. Na nemi kwali.

Damina biyu ke nan.
Barau bai dawo ba, hayar ta fi ƙarfinsa,
yana sayar da kankana a bakin titin da ya kashe mu.
Ni an ba ni lungu a ƙarƙashin matakala,
ina gyaran fitilar sola,
yara na tsalle a saman kaina.
Inda ake kulle ƙofa da magariba a watse,
yanzu da magariba ake dawowa.
An yi suna uku. An fitar da gawa ɗaya.
Wuri ya zama gari.

Jiya matar malamin asibiti ta tsaya,
ta ce akwai wani tabo a simintin kicin ɗinta,
ta goge, ta kankare, ya ƙi fita.
Na ce, "Ki bar shi, 'yata, ba dauɗa ba ce."
Ta tagarta ƙamshin daddawa ke fitowa,
da muryar mai labarai, tana ɗan shaƙewa.
Na kasa kunne.
Wannan shaƙewar na san ta,
hannuna ya taɓa shiga cikinta.