Tanda Mai Gurbi Tara

Ƙarfe huɗu da rabi a Gangare,
sanyi ya riga ladan tashi.
Goggo Tasalla ta ɗora tanda,
ni na ɗora littafi a cinya,
hayaƙi na riga ni karanta shafin.

Bayoloji ne. Kullum shi ne.
Na san hanyar jini daga zuciya zuwa huhu
fiye da yadda na san hanyar Farin Gada.
Ƙoda kuwa, sau bakwai na zana ta,
na yi mata kwalliya da jan biro.

Lissafi na can ƙasan jaka,
bangonsa ko datti bai yi ba.
Ni da Fiziks mun gaisa a zangon farko,
tun daga nan ba wanda ya tambayi lafiyar wani.

Jiya Malam Dalyop ya raba takardun gwaji.
Tamanin da shida a inda nake so,
talatin da ɗaya a inda nake gudu.
Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya ce,
"Bara'atu, ƙofar nan kwaɗo biyar gare ta,
ke kuma makulli guda kike ta gogewa."
Kangyang ta ɓoye dariya a hannun suwaita,
ita da ke zufa cikin sanyin nan
in an ce a rubuta wasiƙa da Turanci.

Ban yi dariya ba. Na tuna Yaya Nafi'u.
Sakamakonsa na cikin leda a ƙasan akwati,
takwas sun fito tas, guda ya faɗi,
gudan da ba a shiga sai da shi.
Shekara uku ke nan yana jan keke daga Taminus,
in ya zo ƙofar jami'a a titin Bauci
sai ya ƙara sautin rediyo.

"Riƙe mini," in ji Goggo,
ta miƙo cokali, ta ɗauki buta.
Gurbi tara, ƙullu na tsuwa a kowanne.
Na zaɓi ta tsakiya, wadda ta fi tashi,
ina juya ta, ina lallaɓa gefenta,
ina jin daɗin yadda take yin ja,
sai ƙauri ya mare ni.
Biyu sun ƙone ƙurmus.
Ta bakin iska kuwa tana nan fara sol,
ko labarin wuta ba ta ji ba.

Goggo ta dawo, ruwa na ɗiga a gwiwar hannunta.
"Assha, ƙullun ɗari biyu," shi ke nan abin da ta ce.
Ta karɓe cokali. Na zuba ido.
Ashe ba daidai take raba musu lokaci ba.
Ta tsakiya, taɓawa ɗaya ta wuce.
Ta bakin iska, sai ta tura mata itace,
ta ƙara mata mai, ta bar ta, ta zaga, ta dawo.
Hannun bai zauna ba,
bai kuma yi gaggawa ba.

Ƙonannun biyu ni ta ba,
ba sukari, ba miya.
Ina tauna ɗacin ina ƙirga:
saura mako goma sha ɗaya.
Asuba ta Lissafi ce, tun kai bai cika ba.
Bayan la'asar in bai wa Kangyang Turanci
ta ba ni Fiziks, ba bashi.
Kemistiri ya ɗan jira magariba.
Bayoloji, masoyina, ka yi haƙuri,
ranar Asabar zan leƙo ka.

Na zaro shi daga ƙasan jaka.
Tambaya ta farko ta yarda.
Ta biyu ta yarda da ƙyar.
Ta uku ta ƙi ni ƙememe,
har masu sayen masa suka fara sallama.
Na danna yatsa a kanta don kada ta ɓace mini.
Maiƙo ya zauna a wurin,
dattin farko da littafin ya samu.